Sarar da Ke Jikin Dutsen Inna Hajo

Na daɗe ina jin abin da kuke faɗa a kan baffanku Isuhu, kuna tsammanin kunnena ya mutu. To bai mutu ba, ido ne kawai ya fara gajiya. Kuna cewa shi ya zagaye ni a wurin Baba har aka damƙa masa maƙerar gidanmu, ni da nake babba, ni da na fi shi hannu, na ƙare a rumfar kwano bakin titi. Maganar na fi shi hannu gaskiya ce, shi kansa bai taɓa musawa ba, Allah ya jiƙansa. Sauran kuwa ba haka aka yi ba. Tunda ba ya nan balle ya wanke kansa, ni zan wanke shi, ko da wankin zai bar ni da dauɗa. Ku karanta har ƙarshe kafin wani ya buɗe baki, musamman kai Nasiru, da ba ka barin mutum ya dire magana.

Mu maƙeran fari ne tun kakanni, a nan Birnin Kudu. Ba ma ƙera fartanya ko gatari, wannan aikin maƙeran baƙi ne. Mu azurfa muke taɓawa, da tagulla, da zinariya in ta samu, mu fitar da zobe da 'yan kunne da mundaye da abin wuya. Shekarar da nake ba ku labari ba a daɗe da canza kuɗi ba, arzikin mai ya fara shigowa, alhazai suna dawowa daga Makka da sarƙoƙin zinariya na inji, matan gari suka fara yi wa azurfa kallon kayan ƙauye. Waɗanda suka riƙe mu su ne matan rugage da ƙauyuka, na Sundimina da Yalwan Damai har can Maruta, waɗanda ko buhun zinariya ka zube musu sai sun tambaye ka ina farar take. Saboda su ne duk ranar kasuwar Gwaram nake ɗaukar akwatina in hau bayan babbar mota, in kai aikin da aka gama in karɓo sabo. Baba a lokacin gwiwa ta hana shi tafiya, ido ma ya yi rauni, kullum yana zaune a kusurwar maƙera kan buzunsa, amma fa komai yana ji. Daga ƙarar masaba yake gane wanda ke aiki, ni ne ko Isuhu, har ya daka wa mutum tsawa ya ce ya yi wa azurfar nauyin hannu. Ni kuwa ina da shekara talatin da 'yan kai, kaina a kumbure yake, don duk ƙasar nan ba mai ɗaura dutse a zobe kamar ni. Ba na jira a faɗa mini, da bakina nake faɗa a kasuwa.

Ran nan a Gwaram, la'asar ta kawo jiki ina tattara kaya, sai wata mata ta zo ta durƙusa a gefen tabarmata. Za ta kai hamsin, doguwa, siririya, ko ƙwayar zobe babu a jikinta. Ta gaishe ni, ta ce sunanta Hajo, daga Maruta take, ba ta daɗe da fita takaba ba. Na yi mata ta'aziyya. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani tsumma, cikin tsumman akwai wani tsumman, har na fara ƙosawa don direba na ta danna oda. Sannan ta ɗora mini abin a tafin hannu.

Wallahi na manta da wata mota. Dutse ne, nauyinsa na dutse, sanyinsa na dutse, ya ɗan fi tsohon kwabo mai huji faɗi, launinsa toka-toka. Amma a naɗe yake kamar gammo, zagaye yana shiga cikin zagaye, kowane ya fi na bayansa ƙanƙanta, har su je su ɓace a tsakiya inda ido ba ya iya binsu. Ni da na shekara ashirin ina murɗa waya, na san wahalar fitar da naɗi ɗaya tak ba tare da ya karkace ba. Wannan kuwa ko ta ina ka duba shi daidai yake. Na juya shi ina neman inda magagari ya bi, ko inda aka goge, ban samu ba.

"Inna, wa ya sassaƙa wannan?"

"Ba wanda ya sassaƙa shi. Haka malam ya ciro shi daga ƙasa."

Mijinta take nufi. Ba ta kama sunansa, daga baya na ji Buba ake ce masa. Mai haƙar rijiya ne. Bayan shekarun farin nan, da aka shiga gina rijiyoyi ko'ina, ya bi wani ɗan kwangila zuwa ƙasar Gombe, wajen kogin Gongola. A can ne, gaba goma sha huɗu a ƙarƙashin ƙasa, bakin daginsa ya daki wannan abu. Ya goge shi da riga ya sa a aljihu, da ya zo sallah ya ba ta. Ya koma aiki, rijiyar da suka fara bayan wannan ta rufta da shi. A can aka binne shi. Ba ta ga gawa ba, ba ta san inda kabarin yake ba, ko hularsa ba a dawo mata da ita ba, kuma Allah bai bar musu ɗa a raye ba. Duk wannan ta faɗe shi kanta a ƙasa, muryarta ba ta ko girgiza ba. Sai ta karɓi dutsen ta nuna mini wani wuri a gefensa, 'yar sara ce da ba ta wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba.

"Ka ga nan? Nan dagin ya sauka. Shi ya nuna mini da kansa, yana dariya, ya ce saura kaɗan ya raba shi biyu. Nan nake sa yatsana."

Ta ɗora babban yatsanta a kai.

"So nake ka yi masa gida na azurfa in rataya a wuya, don ina tsoron ranar da zai faɗi ban sani ba. Ka yi adonka yadda ka ga dama. Amma ka bar mini wurin nan a buɗe. Duk duniya nan kaɗai hannunsa ya bar mini shaida."

Ta ajiye mundayen aurenta guda biyu ta ce a narka. Ni kuma, da bakina da ba ya gajiya, na bugi ƙirji na ce, "Inna, kin zo wurin mai shi. Ko ƙura ba za ta taɓa wurin nan ba."

Da na iso gida, aiki ya tsaya. Isuhu ya ajiye zugazugi, uwarku Hansatu ta leƙo daga cikin gida da muciya a hannu, ta duba sau ɗaya ta ja da baya ta ce kayan aljanu ne, kar in kuskura in shigar mata da shi ɗaki. Baba ya miƙo hannu. Ya bi naɗin da ɗan yatsa tun daga baki har tsakiya, ya sake dawowa, ya kai hanci, ya taɓa da harshe kamar yadda yake yi wa kowane baƙon dutse. Sannan ya ce, a duk duwatsun da suka bi ta hannunsa, da na ado irin su tsakiya da aƙiƙ da masu ruwan kwalba da masu haƙar kuza ke kawowa daga Jos, bai taɓa riƙe irin wannan ba. Kwana biyu bayan haka wani malamin makarantar sakandare ya kawo gyaran 'yan kunnen matarsa, ya hango shi a kan faifai, ya yi tsalle kamar ya taka garwashi.

"Ina kuka samo wannan? Ai dabbar teku ce!"

Na tuntsire da dariya. Na ce, "Malam, teku a Gombe? Ko dai rana ce ta buge ka a hanya?"

Bai ji haushi ba. Ya zauna a kan turmi ya yi mana bayani. Ya ce wata halitta ce mai rai, dangin dodon koɗi, wannan naɗin gidanta ne da ta gina a jikinta, tana girma tana ƙara zagaye. Ya ce duk wancan yankin ya taɓa zama ƙarƙashin teku tun babu ɗan Adam a bayan ƙasa. Ta mutu ta nutse, laka ta rufe ta, wata lakar ta rufe wannan, har lakar ta zama dutse, ita ma ta zama dutse.

Baba ya ce, "Ruwan Annabi Nuhu ke nan."

"Baba, ai ta riga wannan da nisa. Nisan da ba ya ƙirguwa."

Baba ya jinjina kai, ya mayar da dutsen kan faifai da hannu biyu. Ya ce, "Subhanallahi. Ashe Allah ya daɗe yana aiki."

Tsigar jikina ta tashi, kuma har yau in na tuna tana tashi. Da yamma na fita bayan gari wajen duwatsun nan da kuka sani, na tsaya ina kallon gonakin dawa, da shanu suna komawa gida, da shirwa tana shawagi a sama. Na ce a raina, wato akwai lokacin da ruwa ne a inda shirwar nan take, abubuwa masu rai suna iyo a saman kan mutum. Wato wannan 'yar halitta ta yi zamanta ta gama, aka ɓoye ta a cikin duhu, duniya ta yi ta juyawa, aka yi annabawa aka yi sarakuna, ita tana nan kwance, tana jiran ranar da wani talaka daga Maruta zai sauka gaba goma sha huɗu ya dake ta da dagi ya kai wa matarsa. Ni da nake taƙama da hannu, ranar na ji ni ba kowa ba ne. Sai dai jin bai daɗe ba, kun san halina.

Mako biyu na yi a kan aikin, ban taɓa wani ba. Na narka mundayen, na buga azurfar ta yi laushi, na ja waya ta cikin hujin ƙarfe har ta koma kamar zaren ɗinki, na murɗa ta bibbiyu na bi bayan gidan da naɗi irin na dutsen. Na san wuta ba ta da amana a kan baƙon dutse, saboda haka duk wani liƙi da sinadari na gama shi tun dutsen yana nesa. Sai da gidan ya huce na zaunar da shi a ciki, na dinga kwantar da bakin azurfar a hankali, na zagaye shi duka, na bar taga a daidai sarar, yadda babban yatsa zai shiga ya zauna. Isuhu ya duba ya ce, "Yaya, wannan ko a Kano ba mai yin sa." Na ce masa ai na sani.

Saura abu ɗaya. A gidanmu ba a miƙa wa mai kaya aiki sai an yi masa wankan tsami. Tukunya ce ta musamman, a jiƙa tsamiya, a matse lemun tsami, a zuba gishiri, a ɗora a gefen wuta ya yi zafi, sai a tsoma aikin gaba ɗayansa. Baƙin wuta da maiƙon hannu duk su fita, azurfa ta fito fara sol. Haka kakanmu ya yi, haka Baba ya yi, kuma da dutsen ake tsomawa, don tsakiya da aƙiƙ ko kwana suka yi a ciki ba abin da ke samunsu. Hannuna ne ya yi, kaina bai ko tsaya tunani ba. Na kiyaye wuta, na kiyaye guduma, ban taɓa kawo wa raina cewa ruwan tsamiya abin tsoro ba ne. Na tsoma shi, aka kira azahar, na tafi masallaci, na ma tsaya surutu a ƙofa.

Ina dawowa na tarar da tukunya tana kumfa, tana wani ɗan tsiii. Na ruga wurinta. Na sa awartaki na ciro shi na jefa a ruwan sanyi, na ɗauko na goge da gefen riga. Wani ɓawo ya biyo rigar, toka-toka, yana marmashewa. Tsamin ya cinye fatar dutsen gaba ɗaya.

Abin da na gani a ƙarƙashi, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Dutsen ya koma ruwan zuma, kuma duk jikinsa zane ne, layi-layi, kowane layi ya yi rassa, kowane reshe ya yi 'yan ganyaye ƙanana kamar na tsamiya, suna bin naɗin suna ƙanƙancewa har tsakiya. Ba alƙalamin da zai iya wannan, ba allurar da za ta iya. Kuma an yi shi ne a ciki, a inda ba a yi don wani ya gani ba. Na tsaya baki buɗe ina ta Allahu akbar, hawaye na zubo mini, ni da ko a jana'iza ba na kuka. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Sai na juya shi wajen tagar da na bari. Wurin sumul yake. Sarar a jikin ɓawon take, ta tafi tare da shi.

Na zauna daɓas a ƙasa. Isuhu ya karɓa ya duba ya yi salati. Baba ya ce a ba shi, ya shafa wurin sau uku, ya miƙo mini. Uwarku ta ji salati ta fito.

Isuhu ne ya fara magana. "Yaya, jibi kasuwa. In raka ka, mu je mu gaya mata. Ba da gangan ka yi ba, ko ni ne haka zan tsoma shi."

"In gaya mata me? In ce abu ɗaya da ta roƙe ni na narkar da shi ina can ina surutu?"

Baba ya ce, "Haka za ka ce, tunda haka aka yi. Laifin ma har da ni, na taɓa shi da harshe ban gane ɗan'uwan farar ƙasa ba ne. Ka ce mata tsohon ma bai sani ba."

Uwarku tana tsaye bakin ƙofa, ta share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Wayyo baiwar Allah. Ni dai da ni ce, da na fi son kar in sani." Tausayi ne ya sa ta faɗa, ba shawara ta ba ni ba, kar wani ya ɗora mata. Ni ne na ɗauki maganar na riƙe, don ta yi daidai da abin da zuciyata ke so. Na yi ta gaya wa kaina matar nake tausayi. Akwai tausayin, ban musa ba. Amma akwai kuma kasuwar Gwaram, da matan Maruta, da ƙirjin da na buga a gaban mutane.

Washegari da hantsi aka tafi suna a unguwar gaba, gida ya rage daga ni sai Baba, shi kuma na ga ya jingina da bango yana gyangyaɗi. Na ɗauko wani tsohon ƙarfe na gyara bakinsa ya zama irin na dagi. Sarar kuwa na san ta kamar tafin hannuna, mako biyu ina zagaye ta: tsawonta, zurfinta, yadda ta ɗan karkata hagu. Na kafa dutsen a kan fata, na saita, na yi bisimilla, ku ji fa, har bisimilla na yi, na buga sau ɗaya. Ta fito kamar an mayar da ita. Na shafa mata toka da man gyaɗa don sabuntar ta ɓace.

"Haladu."

Na waiwaya. Idon Baba a rufe yake.

"Ƙarar ƙarfe na ji a kan dutse."

Na ajiye ƙarfen a ƙasa, sai ya sake magana.

"Ta yi kyau?"

Na ce, "Ta yi, Baba."

"Na san za ta yi." Ya juya fuskarsa bango.

Ranar kasuwa Inna Hajo ta riga ni zuwa, tare da mata huɗu na garinsu. Na buɗe ƙyallen. Suka yi carko-carko, ɗaya ta dafe ƙirji, ɗaya ta ce la'ilaha illallahu, wannan zanen daga ina? Na ce wanki ne ya fito da shi, yana ciki tun asali. Nan dai gaskiya na faɗa. Mutane suka taru, har masu awo suka bar buhunansu. Ita kuwa ba zanen take kallo ba. Ta karɓa, ta juya, ta nemi tagar, ta ɗora babban yatsanta. Ni kuwa yatsan nake kallo. Ta rufe ido, sai ga hawayen da ba ta yi ba ranar da take ba ni labarin rijiya.

"Yana nan," in ji ta. "Yana nan. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Yadda ka tsare mini wannan, Allah ya tsare ka."

Kasuwa ta amsa da amin. Ni ma na amsa.

Daga ranar sunana ya tafi. Duk wanda ya tsinci baƙon dutse a gona ko a rafi, wurina yake kawowa. Masu zinariyar Makka ma suka dawo suna so a ɗaura musu dutse irin na matar Maruta. Baba bai tona ni ba, ko Isuhu bai gaya wa ba, shi Isuhu da idonsa ya ga sarar ta dawo, ya ja bakinsa ya tsuke. Amma bayan kaka Baba ya tara 'yan'uwansa maƙera, ya sa aka ɗauko masabar kakanmu, wadda ake ba wanda zai riƙe maƙera. Na gyara zama. Sai ya ce Isuhu ya matso. Isuhu ya ƙi, ya ce ga yayansa zaune, har kuka ya yi. Baba ya ce ba shawara yake nema ba. Da kowa ya watse na tsaya, raina a ɓace, na ce masa a gaban mutane ya tozarta ni.

Ya ce, "Mata suna kawo mana azurfarsu su juya baya su tafi. Ba su san abin da muke zubawa a kasko ba. Kai hannunka ya kai inda in ka yi ƙarya ba mai ganewa. Isuhu in ya yi, kowa zai gani. Shi ya sa na ba shi."

Na kwashe kayana a fusace na kafa rumfa a bakin titi. Ba wanda ya kore ni, ni na tafi. Isuhu ya yi ta zarya yana roƙona in dawo har ya gaji. Wannan ita ce zagayewar da baffanku ya yi mini.

Sau da yawa na yi niyyar zuwa Maruta. In na shirya sai in ce, in na faɗa na sauke nawa kayan, ita kuma in bar ta da me? Sai in fasa. Har yau ban san ko wannan tunanin gaskiya ne ko tsoro ne ya sa rigar tausayi ba.

An fi shekara ashirin, ina rumfa da safe, sai ga wata tsohuwa an sauke ta daga motar Gwaram, tana dogara sanda, idonta ya yi fari. Muryarta na gane, Inna Hajo ce. Kunnen abin wuyan da igiya ke bi ne ya cinye, take so a sake. Ta ciro shi daga wuya ta miƙo, da ɗumin jikinta. Azurfar ta yi baƙi, zanen ganyen yana nan yadda na bar shi. Na juya wajen tagar. Sarar da na yi mai kaifin baki ce, siririya. Yanzu ta zama ɗan gurbi, mai santsi, mai sheƙi, daidai cikin babban yatsa. Dutsen da ya kwana a ƙarƙashin ƙasa tun babu mutane bai canza ba, yatsan mace ɗaya ya lotsa shi. Na ce a raina yau kam sai na faɗa, ko me zai faru. Na matso kusa da ita na durƙusa.

"Inna, akwai maganar da na daɗe ina so in gaya miki a kan wurin nan."

Ta lalubo hannuna ta karɓi dutsen, yatsanta ya tafi wurin kai tsaye.

"Ni ma akwai wadda nake so in gaya maka, kar in mutu da ita. Tun ranar da ka ba ni, ban taɓa sallar asuba na tashi ba sai na sa yatsana a nan na yi wa malam addu'a. In na gama tasa sai in yi taka. Ku biyu nake haɗawa, wanda ya sara da wanda ya tsare. Ko ranar da zazzaɓi ya kayar da ni ban tsallake ka ba." Ta yi murmushi, ba haƙori ko ɗaya. "To, faɗi taka, ɗana."

Na dubi yatsan nan a cikin gurbin. Na buɗe baki.

Na ce, "Kunnen ne, Inna. Zan yi miki mai kauri, wanda ba zai sake cinyewa ba."

Na yi mata shi a ranar, ban tsoma a komai ba, da tsumma na goge. Na rataya mata da hannuna, na raka ta har mota. Ba ta ga zagayowar damina ba, Allah ya yi mata rasuwa.

Ban faɗa mata ba. Ban faɗa wa kowa ba, sai ku yau.